Mai Baƙin Tabarau Da Ya Zo Nemana

Ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da na koya a kwaleji, ba zan taɓa mantawa da makon da na zama ɗan gudun hijira a cikin garinmu ba, a kan ƙwallo ɗaya tak da na ci aka soke. Yanzu ina iya ba da labarin ina dariya, amma sai da aka yi shekaru kafin in iya jin an ambaci unguwar Umbadda ban sunkuyar da kai ba.

A tsakiyar shekarun casa'in ne, ina aji biyu a wata kwalejin fasaha a Khartum. Gidanmu yana unguwar Hajj Yusuf, Baba kuma bakanike ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu da gareji. Ni ne na farko a gidanmu da ya wuce sakandare, don haka Baba ya kafa mini doka guda: in yi karatu, kada in taɓa siyasa. Ban taɓa ta ba kuwa, kuma ba biyayya ce ta hana ni ba, tsoro ne. Zamanin soja ne, lokacin da ɗalibi zai fita shan shayi a bakin ƙofar kwaleji, sai a ji wata farar bokis (a-kori-kura ke nan a bakin mutanen nan) ta tsaya ta ɗauke shi, sai bayan watanni ya dawo ba ya son magana da kowa. Kowa yana zargin kowa. Wanda ya cika shiru a ce saurare yake yi, wanda ya cika surutu a ce janmu yake yi mu saki baki. Akwai wani ɗan ajinmu da muka ƙaurace wa kusan shekara guda, laifinsa kawai ya sayi sabon agogo.

Filin ƙwallo ne kaɗai wurin da mutum zai buɗe baki ya yi ihu ya koma gida lafiya. Haka dai muka ɗauka.

Ina cikin ƙungiyar kwalejinmu. In faɗi gaskiya, ina kan bencin ƙungiyar. Koci yana cewa ina da tsawo kuma ina da zuciya, sauran abubuwan za su zo daga baya. (Ba su zo ba.) Abokina Usman, Bahaushe ɗan unguwarmu, shi ne mai tsaron gida, kuma da shi kaɗai nake Hausa a kwalejin, ita ma sai mun duba hagu da dama. Ba wanda ya hana mu, amma mun san irin kallon da ake yi da irin sunan da ake laƙaba wa mutum. Sai muka saba barin Hausarmu a cikin hafila, wato bas ɗin haya, da safe, mu ɗauke ta da yamma in za mu koma gida.

A shekarar nan muka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar kwalejoji. Waɗanda za mu kara da su kuwa, kowa ya san ƙungiyar ɗalibansu a hannun 'yan gwamnati take. Sun zo da sababbin riguna a cikin bas guda, mu muka zo ɗai-ɗai kowa da jakarsa. Tun kafin a busa usur mun gama yanke hukunci cewa an sayi alƙalin wasa. Hujjarmu ita ce an ga shugaban ɗalibansu ya gaisa da shi har ya dafa masa kafaɗa. (A Sudan fa, inda ko wanda zai tambaye ka hanya sai ya dafa maka kafaɗa.) Alƙalin wani gajere ne, baƙi, mai sanƙo, kansa yana ƙyalli a rana. Ba mu taɓa ganinsa ba, wannan ma muka haɗa a cikin hujjoji.

Ana ɗaya da ɗaya, wasa ya kusa tashi, sai ɗan gabanmu ya ji ciwo a gwiwa. Koci ya duba benci, ya sake dubawa ko akwai wani da bai gani ba, sannan ya ce in shiga. Ba a daɗe ba muka samu bugun tazara kusa da ragarsu. Na kutsa cikin turmutsutsu, na rufe ido, na yi tsalle, sai na ji wani abu ya buge ni a ƙeya. Da na buɗe ido, ƙwallo tana cikin raga.

Na zura a guje zuwa wajen 'yan kallo, hannuwa a sama, ina neman inda Samiya take zaune. Samiya 'yar ajinmu ce da nake shirin yi wa magana tun muna aji ɗaya, shirin bai taɓa kammala ba. Sai da na kai bakin fili na lura ba wanda ya biyo ni. Na waiga, ga alƙali ya ɗaga hannu sama. Satar gida, wai.

'Yan wasanmu suka yi masa zobe ana ta musu, har Usman ya baro ragarsa ya taho a yi da shi. Su kuwa waɗancan ba su tsaya jira ba. Ɗan bayansu ya ajiye ƙwallo ya harba ta gaba, wani ya tare ta ya gudu da ita shi kaɗai, ya gangara ta cikin ragar da ba kowa. Alƙali ya nuna tsakiyar fili, ya ce ci ne. Kafin mu gama fahimtar abin da ya faru ya busa tashi.

A nan ne shaiɗan ya same ni a sake. Na tsaya a tsakiyar fili na ce da Larabci, da iyakar muryata, "Wannan ba wasa ba ne, juyin mulki ne. Har ƙwallo ma sai kun ƙwace da ƙarfi?" Sai fili ya ɓarke da tafi. Tafin nan ne ya ƙarasa ni. Na tuɓe takalmina na dama na jefi alƙalin da shi, ya wuce ta gefen kunnensa ya faɗi can nesa. (Ko jifa ban iya ba.) Na bi shi da Hausa, tunda na tabbata ba mai ji. Na ce masa ɓarawo, na ce kansa kamar ƙwaryar da aka wanke aka kife, na ce Allah ya isa tsakanina da shi. Ya juyo ya dube ni na ɗan lokaci, ya ɗaga mini jan kati, ya yi tafiyarsa. Usman ya ja ni waje da takalmi ƙafa ɗaya. Da na koma neman ɗayan, babu shi.

A cikin hafila, muna hanyar Hajj Yusuf, Usman ya matso kusa da kunnena.

"Ka san abin da ka faɗa kuwa?"

Na ce, "Gaskiya na faɗa."

"Juyin mulki, ya zol, mutumina. A gaban jama'a. A gaban shugaban ɗalibansu."

Sai a lokacin tsoro ya shige ni. Har muka sauka ina kallon wani dattijo da ke zaune a bayanmu, ina tunanin tun daga ina ya shigo.

Washegari na shiga kwaleji na tarar na zama gwarzo. Mutanen da ba su taɓa amsa gaisuwata ba suna miƙo mini hannu. Wani daga cikin 'yan adawa ya ja ni gefe ya ce suna buƙatar irina. Samiya da kanta ta tsaya a gabana ta ce, "Ban san kana da zuciya haka ba." Na gyara tsayuwa na ce ai wani lokaci dole mutum ya faɗi abin da ke ransa. Tsoron jiya ya tafi, na fara tafiya a hankali don a samu damar gaishe ni.

Daɗin bai daɗe ba. Da na je shan shayi, mai shayin bakin ƙofa ta miƙo mini kofi ba tare da ta dube ni ba, ta ce a hankali, "Wani ya zo nemanka."

Na ce, "Wa?"

"Mai rigar safari, da hula, da baƙin tabarau. Ya riƙe jarida a hammata. Ya ce yana neman dogon yaron nan da ya yi abin nan a fili."

"Ya faɗi sunansa?"

Ta dube ni kamar na haukace. "Wa zai tambayi irin waɗannan suna? Na ce masa ban san ka ba."

Na ajiye kofin ban sha ba. Mutumin ya sake dawowa washegari, ya sake dawowa bayan nan. Ya tambayi maigadi, ya tambayi ɗalibai, kuma Allah ya saka wa 'yan kwalejinmu da alheri, gaba ɗayansu suka ce ba su san ni ba. Wani ma ya rantse masa cewa ba dogon mutum ko ɗaya a kwalejin. Ba wanda ya kalli fuskarsa, don irinsu ba a kallonsu a ido. Ana hango shi sai a watse.

Ni ma na gan shi sau ɗaya, ta tagar bene. Yana tsaye a bakin ƙofa da jaridarsa a hammata, yana share gumi. A tsallaken titi kuma ga wata farar bokis a fake. Ban nemi ƙarin hujja ba. Na sami Samiya a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya da ke bayan ɗakin karatu, na tsaya a gabanta na ce, da murya irin ta wanda za a rataye, "Idan ba ki sake ganina ba, ki gaya musu ban sunkuyar da kai ba." Idonta ya kawo ruwa. Na juya ban waiga ba, na haura katangar baya, wandona ya yage tun daga gwiwa har sama.

Kai tsaye na wuce garejin da Baba yake aiki. Na same shi a ƙarƙashin wata babbar mota, na tsuguna na gaya masa komai. Ya fito, ya ɗauki tsumma yana goge hannu, ya daɗe yana gogewa bayan hannun ya riga ya fita.

Ya ce, "Na ce maka kada ka taɓa siyasa, sai ka je ka samo ta a filin ƙwallo."

Bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya ce kada in koma gida, in wuce Umbadda wurin ƙanwarsa, Gwaggo Hawwa, in zauna har ya ga abin da za a yi. Ya ce kada in gaya wa kowa. Na ce to, alhali tun da safe na riga na gaya wa Usman cewa in abin ya ɓaci can zan nufa.

Na ari jallabiya a garejin, na haye gada zuwa Omdurman, na canza hafila ba don akwai buƙata ba, na sauka nesa da gidan na ƙarasa a ƙafa ta lungu-lungu. A hanya na shiga wurin wanzami aka aske mini gashin bakin da na yi shekara ina tarawa.

Gwaggo Hawwa mijinta ya rasu, ita kaɗai take zaune a wani ɗan gida mai gajeriyar katanga, tana sayar da gyaɗa da godo-godo, wato furarmu ta nan. Ita ta goye ni ina ƙarami lokacin da Inna ta yi doguwar jinya, kuma Allah ya ba ta murya irin wadda in ta yi raɗa maƙwabta suke amsawa. Ta saurari labarina, ta buga ƙirji, ta ce duk wanda zai taɓa ni sai ya fara bi ta kanta.

Zaman ɓuya ba abin da yake haifarwa sai zargi. Ina kwance a rumfar tsakar gida, duk motar da ta wuce sai na tashi zaune. Mai ruwa ya zo da keken jakinsa yana buga ganga, na ce me ya sa ya daɗe a ƙofarmu. Maƙwabci ya hau rufi yana gyara eriya, na ce wannan eriyar ba ta talabijin ba ce. Daga nan na koma kan mutanen da na sani. Me ya sa Samiya ba ta taɓa kula ni ba sai yanzu? Wa ya aiko ta? Me ya sa Koci ya saka ni a wasan, ni da ban taɓa shiga ba? Sannan na zo kan Usman. Mai tsaron gidan da ya san aikinsa, me zai fitar da shi daga raga a daidai wannan lokaci? Kuma wa ya fara tuna mini da maganar juyin mulki? Kuma wa kaɗai ya san inda nake? Na haɗa wannan da wancan, komai ya zauna daram. Na yi mamakin yadda muka tashi tare tun muna yara ban gane shi ba.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, rana tana ƙuna, unguwa ta yi shiru. Aka ƙwanƙwasa ƙofar langa-langa. Gwaggo ta leƙa ta wata 'yar huda, ta dawo da sauri fuskarta ta canza.

"Shiga ƙarƙashin gado."

Na faɗa ƙarƙashin angareb, gadon igiyar da ke cikin rumfa. Ta shimfiɗa zane a kai ya sauko ta gefe, ta je ta buɗe ƙofa, ta dawo ta zauna a kan gadon. Gwaggo ba ƙaramar mace ba ce. Igiyoyin suka lotsa har suka danne mini baya, hancina yana ƙasa, kusa da inda kajinta suke kwana.

Ta ƙarƙashin zanen na hango ƙafafu. Baƙaƙen takalma masu ƙyalli, sai kuma wasu korayen silifas da aka ɗaure wa igiya da waya. Silifas ɗin Usman ne, ko a cikin duhu zan gane su. Na ce a raina, ashe dai. Har wani daɗi-daɗi na ji cewa lissafina ya fito daidai, kafin tsoro ya dawo ya rufe ni.

Mutumin ya yi sallama. Gwaggo ta amsa, ba ta bari ya ƙara kalma ba ta buɗe da Larabcinta na kasuwa.

"Janabu, ranka ya daɗe, yaron da kuke nema ba ya nan. Amma ko da yana nan, wallahi kun ɓata man motarku a banza. Wannan yaron ni na goye shi, ba wanda zai gaya mini halinsa. Siyasa? Wanda in ka aike shi sayen albasa sai an cuce shi? Wannan bai san sunan gwamnan garin nan ba."

Mutumin ya ce, "Ya Hajja..."

"Bari in gama, janabu. Matsoraci ne na ƙarshe. Yaron nan har ya shekara goma sha ɗaya yana fitsarin kwance, ni nake wanke shimfiɗar, ga igiyar shanyar nan ba ta mutu ba. Talo-talon maƙwabta ya taɓa bin sa, ya hau katanga ya ƙi saukowa sai da ubansa ya zo daga Hajj Yusuf. Har yau in ya ji kukan talo-talo sai ya canza hanya. Ranar layya ana yanka rago ya suma, sai da aka zuba masa ruwa, kuma wannan ba da daɗewa ba ne, gemu ya riga ya fito masa. Wannan ne zai kifar da gwamnati?"

"Hajja, ni ai..."

"Ƙwallon ma da ake magana bai iya ba. Ubansa ya ce zaman benci yake yi. Wadda aka ce ya ci, ƙwallon ce ta same shi a ƙeya, shi ya gaya mini da bakinsa, idonsa a rufe yake. In kun kama shi abinci kawai za ku yi asara, don ci ne kaɗai abin da ya iya. Kafin ku taɓa shi zai faɗi sunan duk wanda ya sani, har da nawa."

Ina kwance ina jin kowace kalma tana sauka a kaina. Wani ɓangare na zuciyata yana cewa Allah ya sa ya yarda da ita, wani ɓangaren yana cewa gara su tafi da ni. Na ga ƙafafun Usman suna rawa. Na ce alhaki ne ya fara kama shi. (Dariya yake dannewa.)

Gwaggo ta juya kan Usman, ta koma Hausa tunda ta tabbata baƙon ba ya ji. "Kai kuma, maci amana, tuwona nawa ka ci a gidan nan? Ka rasa wanda za ka kawo mini sai wannan guntun mutumin, ya rufe ido da baƙin gilashi kamar ɓarawon awaki."

Sai na ji mutumin ya yi gyaran murya, ya ce da Hausa tsantsa, irin ta dattawanmu na yankin Jazira, "Hajiya, sannu da gida. Ciwon ido nake yi, likita ne ya ce in riƙa sa shi."

Igiyoyin gadon suka ƙara lotsawa. Ina jin Gwaggo ta saki jiki ne gaba ɗaya.

Ya ce, "Ni ba ɗan tsaro ba ne. Sunana Haruna, malamin motsa jiki ne a wata sakandare a nan Omdurman. Ni ne alƙalin wasan."

Na ji ƙarar takarda. Ya warware jaridar nan da ya yi kwanaki yana yawo da ita a hammata, ya sunkuya ya ajiye abin da ke ciki a ƙasa, daidai hancina. Takalmina ne na dama.

"Fito, ɗana. Tun da muka shigo ƙafafunka suke waje ta ƙarshen gado."

A nan Usman ya kasa riƙewa. Ya zube a ƙasa yana riƙe da ciki, hawaye yana zuba. Gwaggo ta tashi, na rarrafo na fito da yanar gizo a kaina da kashin kaji a gaban jallabiya, ba gashin baki. Ustaz Haruna ya cire hula yana fifita da ita, ga sanƙon nan yana ƙyalli, ƙwaryar da na ce an wanke an kife. Na rasa inda zan sa idona. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya zauna ya yi mini bayani a natse. Wakilan kwamitin gasar sun ga jifan da na yi, kuma za su zauna a kai cikin makon. Wanda ya kai wa alƙali hari, kwamiti yana tura maganarsa ga hukumar kwalejinsa, ƙarshenta kuma kora ce. Abu ɗaya ne zai hana: in bi shi mu je tare, in ba da haƙuri, shi kuma ya ce mun sasanta. Ya nemi kocinmu aka ce ya tafi garinsu biki. Bai so ya shiga ofishin kwaleji ba, don kada ya kai musu maganar da hannunsa. Sai ya yi ta tsayuwa a bakin ƙofa a rana, da ciwon idonsa, ana ce masa ba a taɓa yin mutum irina ba. A ƙarshe ya bi ta masallacin Hausawa a Hajj Yusuf, aka ce masa akwai wani ɗan unguwa mai tsaron gida. Usman ma da ya hango shi gudu ya yi, sai da ya kira shi da Hausa ya tsaya.

Na ce, "Ustaz, me ya sa ka wahalar da kanka haka, bayan abin da na yi maka?"

Ya yi murmushi. "Tun da na fara alƙalanci an zage ni da Larabci iri-iri, ban taɓa jin an zage ni da harshen uwata ba sai ranar. Har na ji kamar ina gida. Kuma 'ya'yanmu nawa ne suke kaiwa kwaleji, da za a kori ɗaya a kan takalmi?"

Can na ce, "To maganar da na faɗa fa? Ta juyin mulki?"

"Ba wanda ya tambaya, ɗana."

"Farar bokis ɗin da ke bakin ƙofa fa?"

Usman ya ɗago daga ƙasa yana share ido. "Ta mai kawo burodi ce. Kullum tana nan tun muna aji ɗaya."

Zan faɗi gaskiya, wannan ya fi maganar talo-talo yi mini ciwo. Na yage wando, na aske gashin baki, na tsorata Baba, na yi bankwana da Samiya, ashe gwamnati ba ta ma san an haife ni ba.

Gwaggo kuwa ba ta ji kunyar komai ba. Ta dama godo-godo ta kawo wa baƙo, kafin ya shanye ta gano cewa mahaifiyarsa ta taɓa tsinkar auduga tare da wata 'yar uwarmu a Jazira. Ta ce masa ai tun da ya shigo ta ga alamar mutumin kirki ne. Da zai tafi na raka shi bakin ƙofa, na kasa haƙuri na tambaye shi abin da ke cina.

"Ustaz, don Allah, satar gida ce da gaske?"

Ya gyara tabarau. "Mai tuta ya ɗaga, na bi shi. Ni ban gani ba, tun ranar idon ya fara damuna."

Muka je gaban kwamiti, na ba da haƙuri, Ustaz Haruna ya ce ya yafe. Ba a kai maganar kwaleji ba, amma an hana ni buga gasar har in gama karatu. Da Koci ya dawo ya ji hukuncin, ban ga alamar ya yi baƙin ciki ba. Baba da ya ji yadda aka ƙare, ya yi hamdala, ya koma ƙarƙashin motarsa, na daɗe ina jin dariyarsa tana fitowa daga can.

Na roƙi Usman ya rufa mini asiri, ya dafa ƙirji ya yi alkawari. Ban gaya masa irin zargin da na yi masa ba, na ga ya ishe shi abin da ya riga ya samu. Ranar da na koma kwaleji, ina shiga ƙofa na ji wani daga bene ya yi kukan talo-talo, wani ya amsa masa daga ɗakin karatu. Ɗan adawar nan da ya ce suna buƙatar irina ya wuce ni kamar bai gan ni ba. Samiya ta zo ta tsaya a gabana, fuskarta ba wasa, ta ce saƙon da na bar mata tana nan riƙe da shi, wa zan so ta kai wa? Na ce ta bar shi kawai.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya yi mini amfani. Kafin mutum ya haura katanga, ya aika a tambayi mai nemansa sunansa. In kuma ɓuyar ta zama dole, kada ya ɓuya a gidan wadda ta wanke masa shimfiɗa yana yaro, don ranar da za ta kare shi da gaskiya za ta kare shi, ba za ta rage komai ba. Na daina zargin mutane barkatai tun daga lokacin. Mai tutar nan ne dai har yau ban yarda da shi ba.